Latin a Zauren Malam Haliru

Ranar Laraba ce da safe. Na fito daga sujadar safe ke nan, ina tsaye a bakin ƙofar coci ina magana da wasu mata biyu da suka zo batun baftismar jikansu, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba na ga sunan Nasiru, babban ɗan Malam Haliru. Ban kawo komai a raina ba, domin Nasiru ya saba kirana duk lokacin da mahaifinsa ya manta inda ya ajiye tasa wayar.

"Fada," in ji shi. Na ce ina jinsa. Can ya ce, "Baba ya rasu."

Na ce, "Wane Baba?"

"Babanmu. Malam. Yanzunga da sahe. Za a yi mai salla ƙarhe sha ɗaya."

Na ce masa, "Nasiru, jiya fa ina tare da shi. Jiya da la'asar." Na maimaita maganar nan har sau uku, kamar wata shaida ce da zan kai gaban alƙali a soke hukunci. Nasiru bai yi musu da ni ba. Ya bari na gama, ya ce, "Na sani, Fada. Ka taho dai."

Ɗaya daga cikin matan nan ce ta karɓi wayar daga hannuna, ɗayar ta jawo kujera ta zaunar da ni. Sun ce na daɗe ina lalube aljihu ina neman makullin babur, alhali yana riƙe a hannuna na hagu. Ni ban tuna wannan ba. Abin da na tuna shi ne na isa unguwarsu, Ƙofar Dundaye, na tarar da lungun cike da mutane, an shimfiɗa tabarmi har bakin shagon mai ɗinki, na tsaya ina neman fuskar Malam a cikin taron don ya gaya mini abin da ke faruwa.

Bai yi ciwo ba. Ya yi sallar asuba a masallacin unguwa, ya dawo ya sha kunu, ya fito ya zauna a dakalin ƙofar zaure da tabarau a fuska, kamar yadda yake yi kullum. Ya amsa gaisuwar masu wucewa. Ya yi wa mai shayin da ke tsallaken hanya ba'a a kan tsadar burodi. Bayan ɗan lokaci mai shayin ya hango shi ya jingina da bango, ya ɗauka gyangyaɗi ne. Da rana ta kai kan dakalin bai motsa ba, sai ya tsallako don ya tashe shi ya koma inuwa. Shi ke nan.

Da aka jera sahu na koma gefe na tsaya jikin wata mota, da farar rigata ta aiki, don ban ma tuna in canza ta ba. Na bi su maƙabarta daga baya. Kafin azahar an gama komai. Mutumin da jiya da yamma yake yi mini gardama a kan yadda ake koyar da nahawu, yau kafin rana ta karkata an rufe shi da ƙasa, an yayyafa ruwa, mutane sun juyo suna neman takalmansu. Yau kwana tara ke nan, kuma har yanzu idan na ce na yarda da labarin, bakina ne kawai ya faɗa.

Sunana Iliya. Ni fada ne a cocin Katolika, haifaffen unguwar Gidan Dare. Iyayena mutanen Filato ne, aikin kafinta ya kawo mahaifina Sakkwato tun kafin a haife ni. Na rubuta wannan ne domin mutane da yawa sun gan ni a wurin jana'izar suna tambayar juna me ya haɗa fada da Malam Haliru. Amsar gajera ce: ba don shi ba, da ban sa rigar da suka gani a jikina ba.

Na shiga makarantar horar da fadoci a makare, ina da shekara ashirin da bakwai, bayan na daɗe ina riƙe wa mahaifina zarto. Abokan karatuna duk ƙannena ne, kansu sabo. Sauran darussa na lallaɓa na wuce, amma Latin ta tsaya mini a wuya. Sau biyu ina faɗuwa. Da aka ba da dogon hutu, shugaban makaranta ya kira ni ya ce idan an dawo zan sake zama jarrabawar sau ɗaya tak, in na faɗi sai in nemi wata hanyar bauta wa Allah. Na dawo gida ban gaya wa mahaifiyata ba. Na koma shago na ci gaba da aiki kamar hutu kawai na zo.

A satin nan aka aiko daga Ƙofar Dundaye cewa gara ta cinye kantar littattafan wani tsohon malamin makaranta, ana son sabuwa. Mahaifina ya tura ni in gwado. Na tarar da dattijo dogo, siriri, da farin gemu kaɗan a haɓa, yana tsaye a tsakiyar zaure yana kallon littattafansa da aka zube a tabarma kamar mai jinyar marasa lafiya. Ina kwashe ragowar daga kan kantar sai hannuna ya faɗa kan wani ƙaramin littafi mai koren bango, duk ya sha jiki. Na buɗe, na ga jerin nan da na tsana, kalma shida a tsaye ɗaya bisa ɗaya. Ban san na yi tsaki ba.

"Kahinta," in ji shi, "ka san shi?"

Na ce, "Na san shi, Malam. Shi zai kore ni daga makaranta."

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau. "Wace makaranta ta ar rage ƙasag ga da aka korar mutum don Latin?"

Na gaya masa. Na yi tsammanin zai ce Allah ya kyauta, mu koma maganar katako. Sai ya zauna a tabarma, ya nuna mini wuri kusa da shi, ya ce in aje awon nan tukuna. Ya ce in sarrafa masa fi'ilin porto, wato "ina ɗauka". Na fara, na kai na uku na kakare. Ya ce in sake. Na sake kakarewa a wuri guda.

"Hadda kaka yi," in ji shi. "Ba ka san mi kaka hwaɗi ba. Gobe in an yi la'asar ka zaka, ka taho min da guntayen katako bakwai, guda dogo, shida ƙanana."

Daga baya na san tarihinsa. Mahaifinsa malamin zaure ne, shi ya fara karantar da shi nahawu da sarfu na Larabci tun yana ƙarami. Da ya shiga sakandare a zamanin da ake koyar da Latin, ya ce sai ya ga ashe gidan da ya sani ne aka canza wa fenti. Ya ci gaba da ita a wata jami'a a kudu, ya dawo ya koyar da ita 'yan shekaru, sannan aka cire ta daga jadawali aka ba shi Turanci da tarihi. Ya koyar da su har ya yi ritaya. Ya ce mini shekaru masu yawa bai sami wanda zai yi wa magana da Latin ba sai awakin gidansa.

Washegari na kawo katakan. A kan dogon ya sa na rubuta tushen kalmar da gawayi. A kan ƙananan shida na rubuta ƙarshenta: o, s, t, mus, tis, nt. Ya ce, "Bahaushe gaba yaka sa mai aiki: ina ɗauka, kana ɗauka, shina ɗauka. Barume, mai harshen Latin, baya yaka sa shi, awa wutsiya. Kai kana kallon kai, mai aikin shina can ga wutsiya shina jiranka." Ya sa na riƙa haɗa dogon da ƙananan ɗaya bayan ɗaya kamar ina haɗa ƙafar kujera. Ya miƙo mini buta ya ce in ɗauka in faɗi abin da nake yi. Na ce porto. Ya karɓa ya ɗaga, na ce portas. Daidai nan uwargidansa, Inna Kulu, ta yi sallama daga bayan labule ta turo ƙwaryar fura, ya nuna labulen da haɓa, na ce portat. Muka kama tabarma tare muka ɗaga, na ce portamus. Kafin a kira magariba na sarrafa fi'ili biyar ban duba littafi ba. Na hau keke na nufi Gidan Dare ina nuna masu dako da yatsa ina cewa portant, mutane suna kallona.

Haka muka yi wata biyu da rabi, kullum bayan la'asar ban da Juma'a da Lahadi. Ya ce Juma'a tasa ce, Lahadi tawa. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yabo. Idan na yi daidai sai ya ce, "To, wuce." Idan na yi kuskure ba ya gyara mini, sai ya maimaita abin da na faɗa da Hausa. Wata rana ina so in ce "muna gani" na ce "suna gani", ya juya ya leƙa ƙofar zaure ya ce, "Su wa? Baƙi munka yi?" Idan ladan ya kira salla yakan rufe littafi ko da a tsakiyar kalma muke, ya ce in ci gaba da bita, ya dawo ya ɗauko daga harafin da ya tsaya.

Darasin da ya fi jin daɗinsa shi ne na tambaya. Ya fara da ƙananan kalmomin: quis wa, quid me, ubi ina, cur don me. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata sai ya tare ni a ƙofa da "Quid portas?", wato me ka ɗauko, ni kuma dole in amsa da cikakkiyar jimla kafin in cire takalmi. Sannan ya zo kan tambayar da amsarta i ko a'a ce. Ya ce Rumawa hanya uku gare su. Idan mutum bai san amsa ba, yana son ya sani tsakani da Allah, sai ya liƙa ne a ƙarshen kalmar farko. Venis, kana zuwa. Venisne, kana zuwa ne? Da ya kai nan sai ya yi dariya har da tari. "Ka jiya? Ne! Rumawa Kanawa na. Da Sakkwatawa na, da na za su cewa." Idan kuma mai tambaya i yake son ji, sai ya fara da nonne, kamar a ce "ai kana zuwa, ko ba haka ba?" Idan a'a yake tsammani, sai ya fara da num. Na yi ta fama da num ɗin nan kwana biyu, sai ya ce, "Anya. Shi ke nan hwa. Anya kana zuwa? In ka ga num, ka ji tsohuwa ta ce anya." Tun daga ranar ban sake rikita su ba.

Zaman namu bai yi wa kowa da kowa daɗi ba. Wata rana ina cikin zaure ina rubutu, na ji wani dattijo daga cikin abokan sallarsa ya tsayar da shi a waje. Bai sassauta murya ba, ina jin so yake in ji. Ya ce mutane suna magana, a ce ɗan malamai kamarsa ya zauna yana gyara wa coci limami. Na ajiye alƙalami, na fara tattara takarduna. Sai na ji Malam ya ce, "Alhaji, nahawu nika koya mai. Yaron ga ko da ni ko ba ni addininai zai yi. In ya tashi karanta ma mutanenai littahi, ni na hi son ya san abin da yaka karantawa. Jahili ba ya daɗin maƙwabtaka, ko wane gida yah hito." Ya shigo ya tarar da ni tsaye da jaka a kafaɗa. Ya ce, "Ina za ka? Mun ƙare?" Na zauna. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Ta ɓangarenmu ma an yi. Mahaifiyata, Mama Rifkatu, ta ji a bakin matan zumunta cewa ɗanta kullum yana zauren wani malami, sai hankalinta ya tashi. Ta yi shiri ta zo da kanta, wai ta kawo gaisuwa. Malam ya gane abin da ya kawo ta tun kafin ta zauna. Ya ce, "Maman Iliya, kwantar da ranki. Yadda kinka ba ni shi, hakanan za ni mai da miki shi, sai dai ƙarin fi'ili." Ya sa aka shiga da ita wurin Inna Kulu. Ba ta fito ba sai da na gama darasi, ta fito da ƙullin kuka da daddawa, tana ce mini in riƙa gaishe da mutane da kyau. A ranar ce kuma ta san zancen jarrabawar, domin Inna Kulu ta ɗauka ta sani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru saura kwana goma in koma. Na fara kuskure a abubuwan da na riga na iya. Malam ya yi kwana biyu yana lura da ni. A rana ta uku muna kan fi'ilin nan mai taurin kai, volo, vis, vult, ina so, kana so, yana so, na ɓata shi sau huɗu a jere. Ya rufe littafin, ba a kuwa kira salla ba.

"Iliya, wagga ba mantuwa ta ba. Mi ad damuwarka?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa. Na ce ban tabbata ina son zama fada ba. Tun ina yaro mahaifiyata take cewa ta ba Allah ni. Duk wanda ya tambaye ni a coci, ya riga ya riƙe amsar a hannunsa: ai kana so, ko ba haka ba? Abokaina na shago kuma cewa suke, anya za ka iya zama ba aure? Na ce idan na faɗi jarrabawar nan, shi ke nan an yanke mini, ba wanda zai ce na guje wa Allah, ba wanda zai ce na kunyata uwata. Za a ce Latin ce.

Ina faɗa ina jin tsoron abin da zai biyo baya. Ga ni Kirista mai shakka, a zauren malamin Musulunci, na buɗe masa cikina gaba ɗaya. Da ya so ya ja ni wani wuri, ranar ce ranarsa.

Ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce, "Ba ni ce maka zauna, ba ni ce maka hita. Wagga magana tsakaninka da Ubangijinka ta, ban da wuri cikinta. Amma abu guda nika roƙo nai gare ka. Kak ka bari jadawalin fi'ili ya yanke maka rayuwa. Ka tai ka ci jarrabawa. In ka ci, ƙohwa ta buɗe, sannan ka tsaya da ƙahwahunka ka ce ka shiga ko ba ka shiga. Wanda anka kora bai zaɓi komi ba." Ya buɗe littafin ya tura mini. "Volo. Daga hwarko."

Na koma na zauna jarrabawar, na ci, da maki mai kyau har malamin da ya kayar da ni sau biyu ya kira ni ofis ya tambaye ni inda na yi hutu. Da na sami dama na zo Sakkwato na kai wa Malam takardar. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta ya miƙo mini. Ya ce, "To. Yanzu ni ka tambayarka, kuma da ne nika tambaya, don ban san amsa ba. Visne?" Kana so ne? Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce kada in amsa masa yau. Ya tuna mini cewa Rumawa ba su da wata kalma guda ta i kamar tamu, mai amsawa yakan maimaita fi'ilin ne da bakinsa, ya ce ina so, ko ya ce ba na so. "In ka samu wadda ta ag gaskiya, ka hwaɗa ma wanda ya kamata."

A duk tsawon rayuwata shi ne mutum na farko da ya yi mini tambayar nan bai riƙe amsa a hannu ba. Na yi kusan shekara ina juya ta. Na yi addu'a, na yi magana da mai ba ni shawara a makaranta, na yi kuka ma wani lokaci. Ranar da na tabbata, bayan na gaya wa waɗanda ya kamata, na aika wa Malam saƙon waya mai kalma ɗaya: Volo. Bayan kwana biyu amsa ta zo ta wayar Nasiru: "Baba ya ce a ce maka, to, wuce."

Ranar da aka naɗa ni fada, shekara uku da suka wuce, ya zo. Ban sa rai ba, don na san abin da zuwan zai jawo masa na magana. Bai shiga cikin coci ba. Ya sa babbar riga fara da rawani, ya zauna a ƙarƙashin rumfar baƙi a waje, shi da Nasiru, daga farko har aka fito. Da na zo gaishe shi na durƙusa kamar yadda na saba, ya kama kafaɗata ya ce in tashi, mutanena suna kallo. Ya ce ya ji Latin ɗin da aka rera ta lasifika, mawaƙan sun haɗiye wutsiyoyi da yawa, amma ya yafe musu. Daga nan ya nemi inda zai yi alwala, don azahar ta yi. Mahaifina ne ya kawo masa ruwa.

A watan jiya aka ce in fara koyar da Latin ga sababbin masu neman shiga makarantar fadoci, su goma sha ɗaya, kafin a tura su. Abin da ya kai ni wurinsa ranar Talata ke nan. Na same shi garau, har ya fi ni kuzari. Na nuna masa tsarin da na yi: sati huɗu na sarrafa fi'ili, sannan tambaya. Ya ce sam. Ya ce in fara da tambaya tun ranar farko, quis da quid da cur, ko da ba su iya amsawa ba. Na ce ai ni da fi'ili ya fara mini. Ya ce, "Kai ka zo da ciwonka, shi niy yi ma magani. Waɗanga ba su kamu ba tukuna. Ɗalibin da ya iya tambaya ba ya ɓacewa cikin aji, ko ya ɓace shina iya cewa ina nike." Na ƙi yarda, shi ma ya ƙi. Muna cikin haka aka kira ni a waya, wani mara lafiya a asibiti yana neman fada. Na miƙe. Inna Kulu ta turo fura, ya ce in sha tukuna, na ce sauri nake, sai na dawo. Ya rako ni har bakin babur, abin da bai saba yi ba, yana ci gaba da kawo hujja. Ya ce, "Alhamis ka zaka mu ƙare gardamag ga, kuma ni ka cin ta." Na yi dariya na tayar da babur. Ban ma waiwaya ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, na je in yi wa Nasiru da ƙannensa ta'aziyya in koma gefe. Na durƙusa na fara magana, sai Nasiru ya kama hannuna ya matsa ya buɗe wuri a kan tabarmar 'ya'yan gida. Ya ce, "Nan za ka zama, Fada. Kai ma gaisuwa za a yi maka." Na zauna tsakaninsa da ƙaninsa har la'asar. Malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ɗalibansa da suka zama manya a gwamnati, manoma daga ƙauyen kakanninsa, kowa ya zo ya bi layi ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" Ina amsawa, amma ina ji kamar wani ake yi wa, ni kuma ina kallo daga nesa.

Ranar Litinin na shiga ajin. Na bi tsarinsa, na ajiye nawa. Na rubuta ƙananan kalmomin tambaya a allo, na ce kowa ya yi mini tambaya ɗaya, da Hausa ma ya isa, in nuna masa kalmar da Barume zai fara da ita. Na farko ya tambayi ina za a yi jarrabawa. Na biyu ya tambayi don me ake koyon harshen da ba mai magana da shi a kasuwa. Na uku ya ce, "Fada, wa ya koya maka?" Na juya na nuna quis a allo. Na ce, "Wani malami ne a Ƙofar Dundaye, Malam Haliru. Ya rasu ranar Laraba." Sai na lura tun da abin ya faru ban taɓa furta kalmar da bakina ba, kullum wasu ke faɗa ina ji. Na ajiye alli. Na ce su yi mini haƙuri, na fita na tsaya bayan aji na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Da na dawo na tarar ba wanda ya motsa daga kujerarsa. Muka ci gaba.

Ni Kirista ne, shi Musulmi, kuma a shekarun da muka yi tare bai taɓa neman in zama wani abu dabam ba, ni ma ban nema gare shi ba. Na san irin addu'ar da zai so a yi masa, don haka da kalmomin mutanensa nake roƙo. Allah ya jiƙan Malam Haliru, ya gafarta masa kurakuransa na sarari da na ɓoye. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya sa ya huta. Allah ya saka masa da alheri a kan kowane ɗalibi da ya zauna gabansa, wanda ya tuna shi da wanda ya manta.

Allah ya ba Inna Kulu haƙuri da ƙarfin zuciya, ita da ta yi shekara hamsin tana jin muryarsa ta bayan labule, yanzu zauren ya yi tsit. Allah ya dafa wa Nasiru, wanda nauyin gida ya faɗo masa a safiya ɗaya ba shiri, ya haɗa kansa da ƙannensa maza da mata, ya raya jikokin da Malam ya bari. Allah ya ba mutanen Ƙofar Dundaye haƙurin rashin dattijonsu. Mu kuma da aka bari a baya muna ta mamaki, Allah ya sanyaya mana, ya ba mu ikon yi wa 'ya'yan wasu abin da ya yi mini, ya sa ranar da za a kira mu ta same mu a kan aikin alheri. Amin.